Kwamfutar Wendell da Duron Kan Ƙanƙara

Mijin ƙanwata, Wendell Torgerson, bai taɓa ganin abu yana aiki lafiya ya ƙyale shi ba. Inshora ya yi shekara talatin yana sayarwa, ya yi ritaya, sai wata rana ya shiga laburaren gari ya tarar firinta ta ƙi tashi. Ya leƙa bayanta, ya ga ba a jona ta ba, ya jona. Tun daga ranar muka shiga uku, don shi a ganinsa ya zama injiniyan kwamfuta, kuma duk Tafkin Sorley babu na biyunsa.

Ni ce Marlys, mai shagon gahawa na bakin titi, kuma ni ce sakatariyar kwamitin duro. Kowace shekara in tafki ya daskare mukan mirgina jan duro cike da duwatsu mu girke shi a kan ƙanƙara. Kowa ya rubuta rana da sa'a da mintin da yake ganin ƙanƙarar za ta sake shi ya nutse, ya jefa takardarsa a gwangwani. Wanda ya fi kusa, a rubuta sunansa da fenti a jikin tsohon filafilin kwale-kwale da ke rataye a zauren gari. Sunan ne kawai, ko kofin roba ba a bayarwa, amma na ga wa da ƙane sun shekara ba sa gaisawa a kansa. Lokacin kuwa agogo ke faɗa. Igiya ce daga duro zuwa ɗakin kwale-kwale, inda wani tsohon agogon bango yake, irin wanda ake murɗa wa makulli. Duro ya nutse, igiya ta ja wani ƙarfe ya danne lilon agogo, ya tsaya cak. Shekara hamsin ba a taɓa jin kanmu ba.

Bana abin ya fi na kullum nauyi saboda Kaka Arvilla. Shekararta tamanin da huɗu, arba'in da ɗaya daga ciki tana jefa takarda, ba ta taɓa ci ba. Sunan mijinta marigayi Einar yana jikin filafilin nan sau biyu. Ga shi an riga an sayar da gidanta, 'yarta za ta zo a watan Yuni ta tafi da ita Arizona. Da ta jefa takardarta ta ce mini, "Marlys, so nake in ga sunana a ƙarƙashin na Einar kafin su kai ni inda ruwa ba ya daskarewa." Sha tara ga Afrilu ta rubuta, ƙarfe goma da minti arba'in na safe. Leland Kubiak, tsohon direban motar share dusar ƙanƙara, wanda sunansa ke wurin har sau huɗu, ya leƙa ta kafaɗarta kamar yadda ya saba don tsokana, ya ƙara minti goma a kan nata ya jefa.

"Ɓarawon minti," in ji ta.

"Gyara miki nake yi, tsohuwa."

A taron kwamiti na Fabrairu, a shagona, sai ga Wendell da wata 'yar farar kwamfuta a hammata, ƙarama kamar littafin waƙoƙin coci, har da hoton furen da 'yarsa ta liƙa mata tun tana sakandare. Ya ajiye ta a tsakiyar tebur ya kalle mu ɗaya bayan ɗaya.

"Igiya," ya ce. "A wannan zamani, igiya."

"Ta taɓa yi maka laifi?" na tambaye shi.

"Ta ba mu kunya a idon duniya. Wannan da kuke gani tana da kyamara. Duk minti za ta ɗauki hoton duro ta buga lokaci a jiki. Ba gardama, ba ƙila-wa-ƙala."

"Da igiyar ma ai babu gardama."

"Marlys, ke gahawa kika sani."

Na shiga kicin juya fanke don kada in faɗi abin da zai hana ƙanwata zuwa gidana. Kafin in fito an kaɗa ƙuri'a. Fasto Gunderson bai iya cewa a'a ba, ko ga mai sayar da tsintsiya. Leland kuwa ya ɗaga hannu don kawai ya ga abin da zai faru. A ranar Wendell ya je ya ciro agogon bangon ya kai gida, wai zai ɗan sa masa mai. Da yamma ƙanwata Doreen ta kira ni ta ce gutsattsarinsa suna cikin kwalin takalmi, kuma har da wasu ƙusoshi uku da shi Wendell ya rantse ba na agogon ba ne.

Washegari ya kunna mana kwamfutar a shago. Na haɗa ƙullu, na soya fanke, Leland ya ci, ya nemi ƙari, ita tana nan tana juya wani ɗan zobe a fuskarta, fankarta na shaƙar numfashi.

"Ba laifinta ba ne," in ji Wendell. "Ƙwaƙwalwarta giga ɗaya ce tal. Manhajar da ke tuƙa ta ce ta yi mata nauyi. Sai a sauke a ɗora mata Linux, mara nauyi. Suna da iri-iri, sai mai ido ke iya zaɓa."

To, gaskiya ɗaya ce, wadda ya fara ɗorawa ta yi aiki. Da idona na gani. Ta tashi cikin minti ɗaya, kyamara ta buɗe, agogo daidai, har kiɗa ta yi mana. Mai hankali a nan zai tsaya ya je ya ci abinci. Wendell kuwa sai ya shiga wani dandali na intanet inda masu irin ciwonsa ke taruwa, ya sanar da su da alfahari cewa tasa megabayit ɗari uku da tamanin kacal take ci in tana zaune ba ta komai. Wani mutum daga Finland ya amsa masa da layi ɗaya: tasa sittin take ci, kuma ya manna fuskar dariya.

Doreen ta ce daren nan Wendell ko miya bai taɓa ba.

Daga nan allon shagona ya zama nasa. Inda nake rubuta kek ɗin tuffa da miyar kaza, kullum da safe sai ya zo ya goge da hannun rigarsa ya rubuta lamba. Ɗari uku da tamanin ta koma ɗari da casa'in. Manhaja ta biyu ke nan, kuma a ita sauti ya ɓace.

"Wendell, ta daina magana," in ji Fasto.

"Duro hira za mu yi da shi?"

Manhaja ta uku ta kawo mu casa'in da biyar. A ita linzamin da ake nuni da shi ya mutu, hotuna suka tafi, fuskar kwamfutar ta koma baƙa ƙirin da 'yan fararen haruffa suna ƙyaftawa. Kaka Arvilla ta sa tabarau ta duba ta ce, "Ɗana, ta lalace."

"Kaka, yanzu ma ta gyaru. Duk waɗancan kwalliya ce. Ƙwararru haka suke aiki."

"Ka dai tabbata za ta ga duron?"

"Ko ƙuda ya sauka a kansa sai ta faɗa miki a minti nawa."

Ta huɗu, saitin mutumin Finland ya kwafo ɗungurungum. Madannan suka rikice, ya danna wannan alama wata ta fito, ya sa kalmar sirri, kwamfutar ta ce ba ta san shi ba. Kwana uku tana kulle shi a waje. Ya zauna a teburin kusa da taga yana gwada sunan Doreen, sunan karensu da ya mutu, ranar aurensu wadda ta nan muka gane bai ma riƙe ta daidai ba. Leland ya ja kujera ya zauna kusa da shi yana ba da shawara.

"Gwada igiya."

"Leland, ka tashi."

"Ko ka gwada agogo."

Ya sake shafe komai ya ɗora ta biyar. Da kyamara ta dawo ya bar ta wuni guda tana gwaji a kan teburinsa. Sai a lokacin ya tuna cewa kyamarar wannan kwamfuta mai ita take kallo. Hoto ɗari shida muka samu na ƙofofin hancin Wendell, kowanne da lokaci a jiki. Doreen ta buga guda ɗaya ta kawo mini, na liƙa shi a bayan kantar shago.

Ke nan in ana so ta ga tafki, dole a juya fuskarta ta kalli tagar ɗakin kwale-kwale. In an juya kuwa, wanda ke ciki ba ya ganin abin da yake rubutawa. Wendell ya ce wannan ba matsala ba ce ga mai tunani. Ya sa Doreen a ciki ta miƙo hannu ta saman kwamfutar tana laluben madannai a kife, shi ya fita waje ya tsaya cikin dusar ƙanƙara har gwiwa, hanci manne da gilashi, yana karanta fuskar yana ba da umarni. Rabin gari muka fito kallo da kofunanmu a hannu.

"Danna hagu."

"Hagunka ko haguna?"

"Hagun kwamfuta."

"Kwamfutar kai take kallo, Wendell."

"To dama. A'a, kin goge. Doreen, kin goge mini layi guda."

"Ka shigo ka yi da kanka."

"In na shigo wa zai gani?"

"To ka auri mai ido a ƙeya."

Numfashinsa ya rufe gilashin da hazo, hazon ya daskare, ya sa katin banki yana kankarewa. Da aka gama gashin bakinsa ya sandare, sai da na zaunar da shi kusa da murhu ya narke a cikin gahawarsa.

Duk wannan lambar tana sittin da takwas, mutumin Finland yana gaba da takwas. Sai Wendell ya shiga yi wa manhajar fiɗa da hannu. Ya cire abin firinta, wannan ban yi gardama ba. Ya cire intanet. Ya cire wani ɗan abu da aikinsa kawai ya riƙa tambayar intanet ƙarfe nawa yana gyara agogon kwamfutar.

"Shi wannan ba shi ne lokacin ba?" na ce. "Ai lokacin muke nema."

"Megabayit biyu yake ci a banza. Agogon kirki ba ya tambayar kowa ƙarfe nawa. Na saita shi da hannuna."

Leland ya ɗaga kwamfutar ya jinjina ta ya ce shi dai bai ji ta rage nauyi ba. Wasa yake, amma Wendell ya ji zafi. Washegari ya zare babban batirin baya ya jefa a kwandon shara, wai ya tsufa, kuma ai ga wuta a bango. A ƙarshen Fabrairu ya rubuta ashirin da tara a allona, ya ja layi biyu a ƙasa, ya sayo wa kowa gahawa. Daƙiƙa tara take tashi. Ya aika wa mutumin Finland hoto, mutumin bai amsa ba, Wendell ya ce kunya ce ta kama shi.

Shi ma ya jefa takardarsa a ranar ƙarshe, bayan kwamfutar ta yi masa lissafi. Ashirin ga Maris ya rubuta, kuma duk gari babu wanda ya yi sammako haka. Ran ashirin ga Maris motocin masu kamun kifi suna ta kai da kawowa a gefen duron. Wendell ya ce sanyin bana ne bai bi ƙa'ida ba.

Sha tara ga Afrilu ta faɗo ranar Lahadi. Tun asuba iska mai ɗumi ke kaɗowa daga kudu, ƙanƙarar ta yi baƙi, tana ƙara. Ƙarfe goma da muke shiga coci duro na tsaye, ya ɗan karkace. Kaka Arvilla ta tsaya a matakala tana kallonsa har sai da na riƙe hannunta muka shiga. Ana cikin wa'azi iska ta kaɗa wayoyi, wuta ta ɗauke ta dawo, ta sake ɗaukewa ta dawo, sau uku. Sha ɗaya da kwata muka fito, babu duro, sai baƙin ruwa a gurbinsa.

Na buɗe gwangwani a wurin. Takardu biyu ne kawai suka faɗa tsakanin goma da sha ɗaya da kwata na wannan rana, ta Kaka Arvilla da ta Leland. In kafin goma da minti arba'in da biyar ya nutse, ita ce. In bayan nan, shi ne.

Ƙarfe biyu zauren gari ya cika maƙil. Wendell ya zo da nakataye, ya jona kwamfutar da majigi, ya yi jawabin minti goma sha biyar a kan yadda ya sauko daga ɗari uku da tamanin zuwa ashirin da tara. Babu wanda ya tafa sai Fasto. Sannan ya yi ta danne-danne a baƙar fuskar nan har hoto ya fito a bango. Ga duro a karkace, rana tsaka, haske tar. Ya danna, ga wani hoton, babu duro.

"Ga shi nan," ya ce, ya juyo yana murmushi bai ko duba ba. "Marlys, karanta wa jama'a."

Na matsa na karanta. Na goge tabarau na sake karantawa.

"Ɗaya ga Janairu, alif ɗari tara da saba'in. Sha biyu da minti huɗu na dare."

Can daga baya wani ya ce, "Ashe kafin a haife ni ya nutse."

Wendell ya juya ya kalli bango, murmushin na nan a fuskarsa ya rasa inda zai kai shi. Abin da ya faru a fili yake. Duk lokacin da wuta ta ɗauke, kwamfutar ta mutu don ba batir. Wuta ta dawo, ta tashi cikin daƙiƙa tarar nan tata, ɗan batirin agogo na ciki ya mutu tun tuni da tsufa da sanyi, ta nemi wanda za ta tambaya ƙarfe nawa ta rasa, sai ta fara ƙirga daga farkon duniyarta, wato ranar farko ta alif ɗari tara da saba'in.

"Ƙaramin abu ne," in ji shi, yana sassauta nakataye. "Minti huɗu bayan dawowar wuta ta ƙarshe ke nan. Wa ya duba agogo lokacin da wuta ta dawo?"

"Ana cikin wa'azi ne," in ji Doreen.

"Wane wuri a wa'azin?"

Mutum sittin suka kalli juna. Wa'azin Fasto Gunderson minti hamsin ne, kuma ba a san shi da farko ko tsakiya ba. Shi kansa da aka tambaye shi ya ce yana jin ko wajen annabi Yunusa ne, ko kuma lokacin da ya koma kan Yunusan a karo na biyu.

Sai Wendell ya yi abin da har yau in na tuna raina ke ɓaci. Ya ɗauki takardar dokokin kwamiti ya duba, ya yi gyaran murya.

"To, doka ta ce wanda ya fi kusa da lokacin da na'ura ta nuna. In aka bi doka, wanda ya rubuta rana mafi kusa da alif ɗari tara da saba'in, wato mafi sammako a cikin gwangwani..." Ya ajiye takardar. "Ba wai ina so ba ne."

Hayaniyar da ta tashi sai da filafilin ya motsa a bango. Wata ta jefo safar hannu. Doreen ta rufe fuska da jakarta. Ni kuwa na riga na ɗauki gwangwanin, ban san me zan yi da shi ba, amma kan Wendell nake kallo. Kaka Arvilla kuwa ta fara ɓalla maɓallan kwat ɗinta ɗaya bayan ɗaya za ta tafi gida, ta kuskure rami ta sake.

Leland ne ya miƙe. Ya cire hula ya murɗe ta a hannu.

"Ni na gani," ya ce. "Ban shiga coci ba yau. Ina cikin motata a bakin tafki. Goma da minti arba'in da ɗaya ya nutse, agogon mota na duba."

Leland Kubiak a benci na uku ya zauna da safen nan, kai a jingine, baki buɗe, minsharinsa har ya sa mai kiɗa ta ƙara sauti. Duk wanda ke zauren nan ya ji shi. Na ajiye gwangwani, na ɗauki biro, na ce, "A matsayina na sakatariya dole in tambaya. Akwai wanda ya ga Leland a coci yau?"

Mutanenmu ba su iya ƙarya ba, don haka kowa ya sami abin kallo a takalminsa. Na dubi Fasto.

"Na manta tabarauna a mota," in ji shi, tabarau kuwa ga shi a hancinsa.

Hannu ɗaya ne ya ɗagu. "Ai ni ina bayansa ma," in ji Wendell, "har na..." Doreen ta ɗora diddigenta a kan yatsun ƙafarsa ta sakar masa nauyinta duka, ta bar shi a nan. Hannun ya sauko a hankali.

Na rubuta, na sa hannu. Aka sauko da filafili aka shimfiɗa a tebur, aka kawo farin fenti. Ni na rubuta sunan, a ƙarƙashin na Einar, kuma harafin ƙarshe ya ɗan karkace don hawaye sun cika mini ido, ba na gani sosai.

Kaka Arvilla ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta kamo hannun rigar Leland ta jawo shi ƙasa daidai bakinta, amma da yake kunnenta ya yi nauyi, raɗarta har ƙofa ake ji.

"Ka zubar da miyau a littafin waƙa, maƙaryaci."

"Tafi Arizona, tsohuwa, ki ba mu wuri."

Ba ta saki hannun rigar ba, shi ma bai janye ba. Haka suka tsaya a bakin tebur har fentin ya bushe.